Sharhi: Biyan Kuɗin Ajiye Mota a Tsakiyar Filin Tseren Indy 500

Takardar izinin ajiye mota a tsakiyar filin tseren motoci na Indianapolis a Amurka, inda ake yin tseren Indy 500, tana da amfani, amma amfanin bai yi daidai da abin da yawancin masu sayenta suke zato ba. Wanda ya biya domin ya fi kowa ganin tseren, ko domin ya riga jama'a komawa gida, zai fita yana cizon yatsa. Abin da kuɗin yake saya maka shi ne masauki na yini guda a cikin taron mutum fiye da 300,000, inda za ka ajiye kayanka, ka huta, ka ci abincin da ka zo da shi, ka kuma fake idan sama ta sauya. Na yi amfani da wannan takarda a tseren ranar Lahadi 26 ga Mayu, 2024, tare da iyalina da surukina, dattijon da ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya, kuma a kan wannan rana na gina hukuncin da zan yanke.

Sai mutum ya san girman wurin kafin ya gane dalilin da ya sa ake sayar da irin wannan takarda. An gina filin a 1909 a garin Speedway da ke cikin Indianapolis, a jihar Indiana ta Amurka, aka fara tseren mil 500 a 1911. Hanyar tseren zagaye ce mai tsawon mil biyu da rabi, wato kimanin kilomita 4, kuma motoci 33 ne suke zagaya ta sau 200. Filin da hanyar ta kewaye yana da faɗin da har gidan tarihi yake ciki, da wani ɓangare na filin wasan gwaf, da garejojin motocin tsere, da kuma ciyawar da ake jera motocin 'yan kallo a kanta. A shekarun baya, duk wanda ya yi sammako yana iya shigar da motarsa wannan ciyawa ba tare da ƙarin ko kwabo ba, abin da ya sa mutane suke kwana a layi a bakin ƙofa. Yanzu sai da takardar da aka saya tun kafin ranar. Tsofaffin 'yan kallo har gobe suna gunaguni a kan wannan sauyi, amma ni a ganina ya fi adalci ga mai iyali, domin ya bar gida yana da tabbacin gurbi, ba ya kama hanya yana caca da sa'arsa ba.

Abu biyu ya kamata mai saye ya sani tun farko. Takardar ta mota ce kaɗai, don haka kowane babba da yake cikin motar sai ya nuna nasa tikitin shiga. Sannan guraben ba darajarsu ɗaya ba, na sahun gaba da suke kusa da shinge sun fi tsada kuma su ne suke fara ƙarewa. Mu na talakawa muka samu a yankin kwana ta uku, wato lanƙwasa ta uku a hanyar tseren, can arewa maso gabashin filin.

Ana buɗe ƙofofi da ƙarfe 6 na safe, da ƙarar harbi mai ƙarfi da ake ji har cikin unguwannin da suke kewaye. Tseren kuwa an tsara a fara shi ne da ƙarfe 12:45 na rana, saboda haka wanda ya shiga da wuri yana da kusan awa bakwai na zaman jira. Duk da haka ban ga hikimar jinkiri ba, domin takarda ba ta raba mutum da cunkoso. Motocin da za su shiga tsakiyar filin duka sai sun bi ta ƙarƙashin hanyar tseren, ta wasu 'yan ramuka da aka haƙa, kuma mu ta ɓangaren Titi na 30 da ke arewa muka shiga, muna jan jiki taku-taku. Ma'aikatan filin, waɗanda kowa yake gane su da rawayar rigarsu da usur a baki, su ne suke nuna wa kowace mota inda za ta tsaya. Ba ka zaɓar gurbi, inda layi ya kai ka nan ne gidanka har yamma. Na ga sun san aikinsu, kuma da suka lura akwai dattijo mai sanda a motarmu, ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya nuna mana hanyar da ta fi kusa zuwa bayan gida.

Daga nan ne kuɗin ya fara nuna kansa. Mai shigowa da ƙafa yana ɗauke ne da iyakar abin da kafaɗarsa za ta iya, kuma akwai ƙa'ida a kan girman kular da zai shiga da ita, kwalba kuma an hana ta ga kowa. Mu kuwa but ɗin mota cike yake da kujerun naɗewa, da tabarma, da ruwa mai yawa, da kular shinkafa da kaza da uwargida ta dafa tun dare. Ga Musulmi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, tun da abincin da ake sayarwa a wurin akwai naman alade a cikinsa da yawa, har sanwicin da jihar Indiana ta fi alfahari da shi ma na alade ne. Haka kuma batun salla. Mun shimfiɗa tabarma a ɗan tsakanin motarmu da ta maƙwabta, muka yi alwala da ruwan jarka, ba wanda ya tsangwame mu. A kan benen 'yan kallo, inda kafaɗa take gugar kafaɗa, ban san yadda za mu yi ba.

Sai hadari ya taso. Tun kafin azahar aka sanar a lasifika da manyan alluna cewa akwai walƙiya a kusa, aka umarci jama'a su sauka daga benaye su nemi mafaka. Dubban mutane suka cunkushe a ƙarƙashin benaye da cikin ramukan shiga, waɗanda suka bar motocinsu a nesa kuma ba su da zaɓi sai tsayuwa. Mu taku kaɗan muka yi muka shige mota muka rufe ƙofa. Baba, wato surukin nawa, ya kwantar da kujerarsa ya yi barci, yara suna zane da yatsa a jikin gilashin da ya yi raɓa, ni kuma ina sauraron rediyo domin jin abin da masu shirya tseren suka yanke. Motocin tsere ba sa gudu a kan wannan hanya idan ta jiƙe, dole a jira ruwa ya ɗauke sannan a busar da ita, kuma filin ba shi da fitilun tseren dare, don haka akwai fargabar a ɗage shi gaba ɗaya. Jinkirin ya kai awa huɗu, aka fara tseren wajen ƙarfe biyar saura kwata na yamma. A wannan tsakanin kaɗai takardar ta biya kuɗinta, domin ba na jin Baba zai iya jure wannan jira a tsaye.

Game da kallo, gaskiyar magana ita ce daga cikin fili ba a ganin tseren, yankinsa kawai ake gani. Daga inda motarmu take ba abin da ake hangowa sai rufin motocin wasu da rumfunansu, sai mun taka zuwa tudun ciyawa da aka tanada don 'yan kallo. A can ma kwana ɗaya ce a gabanka. Motocin suna kammala zagaye a cikin kimanin daƙiƙa 40, suna wuce ka kamar ƙiftawar ido, sauran labarin kuma sai a babban allo ko a rediyo. Wanda yake son bin dabarun tsere, ya ga wa ya shiga canza taya, wa yake tsimin mai, to kujera a saman bene ta fi masa nesa ba kusa ba. Mu dai mun yi gamo da katar, domin a zagayen ƙarshe a kwana ta uku ne Josef Newgarden ya bi ta waje ya wuce Pato O'Ward, ya ci tseren shekara biyu a jere, abin da ba wanda ya yi tun bayan Hélio Castroneves a 2001 da 2002. Wannan sa'a ce, ba a cikin kuɗin takarda take ba, kuma kada wani ya saya yana sa ran irinta.

Akwai kuma batun maƙwabta. Yankin kwana ta uku shi ne inda ake yin babban bikin kiɗan matasa mai tikitinsa daban, sautinsa yana tashi tun da safe, kuma shan giya a wurin ba ɓoyayyen abu ba ne. Waɗanda suke damanmu mutanen kirki ne, har sun ba yara abin toshe kunne da suka ga namu bai isa ba. Na bayanmu kuwa kafin la'asar sun fita hayyacinsu, bakinsu ya zama abin da ba ka so yaro ya ji. Mai zuwa da ƙananan yara ko matan da ba su saba da irin wannan hayaniya ba ya auna wannan da kyau.

Babban farashin takardar a wajen fita ake biyansa. Da zarar an shiga tsakiyar fili, maganar tafiya kafin a tashi ta zama da wuya, bayan an tashi kuma masu ƙafa ake fara bai wa hanya, sannan a saki motoci su bi ta ramukan nan da suka shigo. Ban ga laifin kowa a nan ba, ba yadda za a yi taro irin wannan ya fita lokaci ɗaya ta ƙananan hanyoyi. Ciyawar ta jiƙe, wasu wurare sun zama taɓo, na ga ƙaramar mota tana juya taya a wuri ɗaya har sai da samari suka tura ta. A waje kuma 'yan sanda suna mayar da tituna hanya ɗaya, su tura ka inda ya fi saurin kwashe jama'a ko da ba nan ne hanyar gidanka ba. Mun yi magariba a gefen mota, muka cinye ragowar shinkafar, muka bar masu gaggawa suna ta danna hon, dare ya yi sosai kafin mu hau babban titin I-465. Wani abokina da ya biya wani mai gida a cikin garin Speedway ya ajiye mota a farfajiyarsa, kamar yadda mazauna garin suka saba yi duk shekara, ya yi tafiyar ƙafa mai nisa amma ya riga mu isa gida.

Saboda haka, ga mai zuwa da dattijo, ko yara, ko ayarin da za su raba kuɗin a tsakaninsu su yini tare, ina ba da shawarar a sayi takardar, a saye ta da wuri, a cika tanki, a kuma zo da rediyo da abin toshe kunne da ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha. Idan ni kaɗai zan koma, ko da aboki ɗaya mai ƙafar tafiya, kuɗin zan ƙara a kan kujera mai kyau a saman bene, in bar mota a waje ko in hau bas ɗin da yake ɗaukar 'yan kallo daga tsakiyar birni.