Tabarau na wasan harbi da ƙwayar roba: abin da na gani bayan na saya na sayar a Gombe

Tun ina yaro a Jekadafari kuɗin barka da Sallah na a bindigar roba yake ƙarewa. Da na girma sha'awar ba ta sake ni ba, sai ma ta kai ni ga wasan nan na harbi da ƙwayar roba da ake kira eyasof. A Japan ya fara a shekarun 1970, ƙasar da doka ta tsananta wajen mallakar bindiga, kuma kamfanin Tokyo Marui ne ya fito da bindigar wasan mai aiki da batir a 1991. Bindigogin wasan kamar an tsaga kara suke da na gaske, shi ya sa ban taɓa yin odar ko ɗaya ba. A Amurka ma sai an sa musu launin ruwan lemo a baki kafin a sayar. Mu a nan, da halin tsaron da ake ciki, ka ƙiyasta a buɗe but ɗinka a shingen bincike tsakanin Gombe da Bauchi a ga irin wannan. Kakin soja da masu wasan ke sawa shi ma ba na farar hula ba ne. Don haka na tsaya a kayan kariya: tabarau, safar hannu da takunkumin fuska.

Tabarau dozin biyu na yi oda daga Sin ta intanet, iri biyu: mai gilashi ruɓi biyu da mai ragar ƙarfe. Sun yi mako biyar a hanya, suka biyo ta Legas, na karɓa a tasha.

Ban sayar wa kowa ba sai da na gwada. Na sayi kankana, na liƙa mata farar takarda, na ɗaura mata tabarau, na ari bindigar Sallar ɗan yayata, mai harba ƙwaya 'yar milimita 6. Daga taku uku na riƙa harbi. Mai gilashin ko gezau, ɗan tabo ne kawai da na goge da bakin riga ya tafi. Irinsa ne ke ɗauke da tambarin Z87+ a jikin firam, wato ma'aunin Amurka na jure bugu mai ƙarfi, kuma nan ne wurin da ya kamata mai saye ya fara dubawa. Mai ragar kuwa, ƙwayar ba ta huda shi ba, amma da ta tarwatse sai ga ɓarɓashinta a jikin takardar. Na daɗe ina kallon takardar nan, domin wurin nan ido ne zai kasance. Ƙwayoyin da ake sayar wa yaranmu a kasuwa masu arha ne, saurin fashewa gare su.

Inda mai gilashin ya gaza shi ne soson da ke kwanciya a fuska. Zafin Afrilu na Gombe ya narkar da gam ɗin guda huɗu tun suna cikin kwali, na yi wa mai kayan magana, amsa ɗaya ya ba ni ya yi shiru. Da kaina na sake liƙe su, na rage kuɗinsu, na kuma gaya wa masu saye dalili. Batun tururin da ke rufe gilashi kuwa, ruɓi biyun na taimakawa ƙwarai, amma in gumi ya yi yawa sai ka cire ka goge.

Wani abin da ban zata ba, mafi yawan waɗanda suka saya ba su san wasan ba. Masu babur ne da ƙurar hunturu ta addabi idonsu. Wani mai walda a Pantami ya nemi ɗaya na hana shi, don ba ya tare hasken walda. Riba ba ta taka kara ta karya ba, kuɗin dako ya cinye kusan rabinta, amma uwar kuɗi ta dawo.

Masu ragar suna nan a kwali ƙarƙashin gado, ba zan sayar da su ba. Odar da nake shirin yi kafin babbar Sallah ta ƙananan tabarau ce masu gilashi, daidai fuskar yara, domin iyaye uku a unguwarmu sun riga sun ce in ajiye musu.