Kimiyyar Muhalli ko Lafiyar Muhalli? Ga tawa shawarar, ƙanena

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsakanin Kimiyyar Muhalli da Lafiyar Muhalli da ka ce sun raba maka hankali wajen cike JAMB, ɗauki Kimiyyar Muhalli, muddin dai kai da Kemistiri kuna shiri. Ita na karanta, kuma da ita nake cin abinci har yau.

Kwas ɗin ya shiga raina ne a aji 3 na jami'a, lokacin da muka fita aikin sanin makama. An haɗa ni da masu ɗibar samfurin ruwa a Kogin Challawa, ƙasa da inda ruwan masana'antun jima yake zubowa. Tun kafin ka hango ruwan, hancinka ya gaya maka ka iso. A wani wuri baƙi wuluk, a wani wurin ya yi kore-kore da kumfa a kai. Sai a ɗauraye kwalba da ruwan wurin, a cika ta, a ɗiga mata asid, a manna takarda a rubuta wuri da lokaci, a saka a kula mai ƙanƙara. Can gefe ga wani dattijo ya jona injinsa a wannan ruwa yana ban-ruwan latas. Ya ɗago ya ce, "Samari, me kuke nema a ciki?" Babu wanda ya iya ba shi amsa a nan take. Sai da muka kai ɗakin gwaji, aka saka a na'urar auna ƙarafa masu guba, sannan kuromiyom ya fito ɓaro-ɓaro, sinadarin nan da ake jimar fata da shi. Kowa a yankin ya san ruwan ba shi da kyau, amma mai wannan karatu ne yake mayar da "ba kyau" ta zama lamba a takarda, wadda za a ajiye gaban hukuma. Wallahi har yanzu in na ga latas a bakin titi sai na tuna da dattijon nan.

Kuma aikin yana da doka a bayansa. Bayan an jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988 ne gwamnati ta farka, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1992 aka yi dokar da ta ce duk wani babban aiki, hanya ce, dam ne, ko masana'antar siminti, sai an yi nazarin illarsa ga muhalli kafin a fara. Wannan rahoto, wanda muke kira EIA, shi ne abincin yawancinmu. Ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya tun 1999, ga NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007. A nan Arewa akwai shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wato ACReSAL, na Bankin Duniya a jihohi 19 da Abuja, da aikin Koriyar Ganuwa a jihohi 11 da hamada ke ci. Ka tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin daka dutsen zinare a cikin gidaje. Magani ba ya amfani in yaro zai koma wasa a ƙasar da ta sa masa ciwon, don haka sai da masu auna ƙasa suka bi gida-gida, aka kankare gurɓatacciyar ƙasar aka zuba sabuwa. Irin aikinmu ke nan.

Sai dai kada ka zaci takardar kaɗai za ta ɗauke ka. Tun kana aji 2 ka lizimci ɗakin gwaji, ka koyi zana taswira da kwamfuta, wato GIS, ka kuma iya rubuta rahoto mai tsabta. Waɗanda muka gama tare suka riƙe waɗannan, ba su daɗe a zaune ba.

Lafiyar Muhalli kuwa aikin duba-gari ne: kasuwa, mahauta, gidajen abinci, masai. Suna da lasisi daga majalisarsu, wannan kam na ba su. Amma yawancin guraben a ƙananan hukumomi da ma'aikatun lafiya suke, kuma ko difloma a makarantar koyon aikin lafiya tana kai mutum can.

Ka kula da suna kuma. A jami'o'i da dama, Tsangayar Kimiyyar Muhalli tana nufin zanen gine-gine, tsara birane da ƙiyasin kuɗin gini, ba abin da nake ba ka labari ba. Sashen za ka duba, ba tsangayar ba. Wani wurin sunansa Kula da Muhalli, wani wurin an haɗa shi da nazarin guba. Darussan da ake nema a JAMB ma sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka ka buɗe kundin JAMB ka karanta da idonka.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Da zarar sakamako ya fito za ka ga masu cewa "ina da mutum a ciki, kawo kaza a saka sunanka." Ƙarya ce. Gurbin da bai fito a CAPS ba, wato shafin ba da gurbin karatu na JAMB, ba gurbi ba ne, kuma ranar tafiya bautar ƙasa za ka gane. Haka masu tallar digirin Kwatano na 'yan watanni. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo saboda irin wannan. Ka kuma tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da kwas ɗin a jami'ar da ka zaɓa, ba jami'ar kawai ba.

Kafin ka saka sunan jami'a, nemi ɗan aji 3 na sashen ka tambaye shi ko na'urorin ɗakin gwajinsu suna aiki, kuma ko ana fita da su daji ɗibar samfur. In ya ce e, cike ta. Allah ya ba da sa'a.