Ƙamusun Oxford na masu koyon Turanci: yadda ya raba borrow da lend

Ƙamusun Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya assasa a 1948, bugu na goma kuma ya fito a 2020, an yi shi ne don wanda ba da Turanci ya tashi ba. Kalmomin borrow da lend sun isa a auna shi da su.

Rikicin daga bakinmu ya samo asali. Bahaushe fi'ili ɗaya yake juyawa: "na ari biro", "ara mini biro". Wasalin ƙarshe da "mini" su ke nuna mai karɓa da mai bayarwa. Turanci kuwa kowa da kalmarsa, borrow ta mai karɓa, lend ta mai bayarwa. Wanda ya ɗauki "ara mini" ya kai ta Turanci yadda take, shi ke cewa "borrow me your pen", wato ya roƙi biro da kalmar da ba ta bayarwa.

A nan ƙamusun ya yi abin a yaba. Ƙarƙashin kowace kalma ya jera ginin jimlarta da baƙin rubutu: borrow na tafiya da from, lend na tafiya da to, ko kuma ta ɗauki mutum kai tsaye, kamar "lend me". Ka duba borrow sama da ƙasa, ba za ka ga ginin da mutum ke biye da ita haka ba. Akwai kuma ɗan akwatin bayani da ya gwama su biyun, sannan ya nuna cewa shuɗaɗɗen lokacin lend shi ne lent, ba a ƙara mata -ed.

Inda ya gaza: Turanci yake fassarawa da Turanci, bai san aro da rance ba. Mu aro abin da kansa ake mayarwa, rance kuwa madadinsa, kamar kuɗi. Turanci babu ruwansa da wannan, tsani da kuɗi duk borrow ne. Mai zaton borrow aro ce, lend kuma rance, sai ya karanta misalan a tsanake kafin ya gane ya yi kuskure.

Na takarda rubutunsa ƙanana ne, ga nauyi, kuma ya taƙaita somebody da something zuwa sb da sth, abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai. Na intanet kyauta ne, yana da muryar lafazin Ingila da na Amurka. Ga ɗan sakandare da malaminsa ya dace. Wanda bai fara haɗa jimla ba, gara ya soma da ƙamus mai harshe biyu.