Tsohuwar wuƙar aljihu: wacce za ka ɗauka, wacce za ka bari

Wuƙar da ke aljihuna ta girmi ɗana na fari. Old Timer ce, lamba 34OT, mai ruwa uku. A cikin wani kwano na tsinto ta, tsakanin tsofaffin makullai da sukudireba, wajen masu kayan gwanjo a Sabon Gari. Ruwanta ya yi duhu kamar gindin tukunya, har mai kayan yana ba ni haƙuri: "Alhaji, wannan ta tsufa, ga sabuwa can mai ƙyalli." Na ce, "Malam, ita ɗin dai nake so." Da ita nake fere rake, da ita nake fiƙe wa yara alƙalamin allo, kuma har yau in na rufe ta sai ka ji ƙas!

Kamfanin da ya ƙera ta babu shi yanzu. Sunansa Schrade, an kafa shi a 1904 a garin Walden na jihar New York a Amurka, ya koma Ellenville a 1958, ya rufe a 2004, shekararsa ɗari cif. Masana'anta ta mutu amma suna bai mutu ba: wani kamfani ya saye shi, aka ci gaba da buga Old Timer a ƙasar Sin. Saboda haka wuƙa biyu za su iya zuwa hannunka da suna ɗaya da launi ɗaya, alhali ba hannu ɗaya ya yi su ba. Kada ka tsaya ga tambarin da ke jikin ƙota. Buɗe babban ruwan ka duba gindinsa, dab da inda yake naɗewa. In ka ga SCHRADE da U.S.A. da lambar wuƙar, ta asali ce. In ka ga SCHRADE WALDEN, ka yi tsintuwa, domin wannan rubutu an daina buga shi tun wajen 1973.

Tsohuwar Old Timer irin tawa ƙarfenta shi ne wanda ake kira 1095, mai yawan sinadarin kabon. Yana ɗaukar kaifi da wuri, shafa kaɗan a dutse ya isa, kuma kaifin har gashin hannu yana askewa. Aibinsa tsatsa. Ka yanka mangwaro ko lemo ka mayar aljihu ba ka goge ba, da safe za ka ga ja-ja, balle da damina. Amma a bambance tsatsa da duhun da na ambata. Shi duhun nan, toka-toka ko baƙi-baƙi mai santsi, aiki ne ya kawo shi, kuma yana rage wa tsatsa kama ƙarfen. Ni in na ga an kankare shi da sanfefa don wuƙa ta yi ƙyalli, raina ɓaci yake yi. Mai son ƙaramar wuƙa ya nemi 34OT, wadda tsawonta a rufe ya ɗan ɗara inci 3. Mai babban hannu, 8OT ta fi cika masa tafi.

Wuƙar da ake kira Uncle Henry ma ta Schrade ce, amma yawanci ƙarfenta marar tsatsa ne, ƙotarta roba ce da aka yi wa siffar ƙahon barewa. Wanda ya san ba zai riƙa gogewa da shafa mai ba, ko mai sana'ar kayan marmari, ita ta fi dacewa da shi. Sai dai wasa ta na ɗan cin lokaci.

Akwai kuma Camillus, wani kamfanin na jihar New York da ya faro a 1876 ya rufe a 2007, ya kuma daɗe yana yi wa sojan Amurka wuƙaƙe. Wadda zan nuna wa mai aikin wayarin ita ce TL-29: ruwa ɗaya na yanka, ɗaya kuma sukudireba ne mai makulli, ga zobe na ratayawa. Ba ta da ado, ga nauyi, amma jurau ce. A tuna ba a yi ta don taɓa waya mai wuta ba.

To sabuwar Old Timer fa? Ba jabu ba ce, da izinin masu sunan aka yi ta, kuma tana yanka. In ita kake so, saya, amma a kuɗin sabuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar maka da ita a matsayin tsohuwar Amurka. Okapi kuwa, wadda aka fara yi a Jamus kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, tana da araha da sauƙin wasawa. Babbarta mai zobe dai ba ta aljihun mutumin kirki ba ce a garin nan, inda rikicin 'yan daba ya sa doguwar wuƙa ke jawo tambaya. Bar ta a gida ko a gona.

Suna dai ba ya yanka komai, sai ka gwada ta a hannu. Buɗe kowane ruwa ka rufe. Sifirin da ke bayan ƙota shi ne ran wuƙar: in ruwa ya koma da kansa da ƙara, lafiya lau, in sai ka tura shi har ƙarshe, ko dai datti ne ya cushe, ko sifirin ya mutu. Nemi ɗigon man keken ɗinki ka zuba a gaɓar ka motsa sau goma. Datti ne, za ta farfaɗo nan take. Ba ta farfaɗo ba, ajiye, don samun wani sifirin daidai da ita wuya gare shi. Sannan ka kama tsinin da yatsa biyu ka girgiza hagu da dama. Ɗan motsi kaɗan maƙeri zai iya matse ƙusar, amma mai rawa kamar haƙorin da zai fita ta sha banƙara.

Daga nan rufe ta ka shafa yatsa a hankali a kan ƙota. In tsinin ya leƙo waje, an cinye ruwan da wasa, zai huda maka aljihu ya kuma yanke ka. Irin wannan yawanci injin wasa wuƙa ne ya ci ta, kuma zafin injin na kashe taurin bakin ƙarfe, sai ka ga ba ta riƙe kaifi. Ɗigon tsatsa a gadon ruwa ba komai, amma ramuka a kan bakin kansa suna nufin duk wasawa za ta bar giɓi.

Wajen ciniki, kowane aibi da ka gano ka nuna wa mai kaya kafin ka taya, tsagewar ƙota ko karyayyen tsini duk suna rage kuɗi. In an sallama maka, ka wanke gaɓar da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka busar sosai, ka ɗiga mai. Ruwan da zai taɓa abinci kuwa, man gyaɗa kaɗan za ka shafa masa bayan ka goge.