Asibitin neman haihuwa da muke zuwa a Abuja: abin da na gani da idona

Ba talla nake yi wa kowa ba, don haka ba zan sa sunan asibitin ba. Asibitin kuɗi ne a Abuja, kuma abin da ya sa na amince da su tun ranar farko shi ne ba su yarda su duba ni ni kaɗai ba. Da na buga waya neman ganin likita, matar da ta ɗauka ta ce, "Hajiya, ki zo tare da maigida." A wuraren da na je a baya ni ake ɗora wa komai: maganin sanyi, wankin mahaifa, ƙwayoyin haɓaka ƙwai, ba wanda ya taɓa tambayar Alhaji. Nan kuwa aka ba shi ɗan kwalba, aka ce ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin gwajin maniyyi. Sakamakon ya nuna ƙwayoyinsa ba su da yawa, kuma ba sa gudu sosai. Likitan ya gaya masa cikin mutunci, a ɗaki, ba a gaban kowa ba, har ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa, maza da mata. Ni kuma aka yi mini gwajin jini na AMH don ganin ƙwan da ya rage, da hoton HSG na bututun mahaifa. Wannan hoton akwai murɗawar mara, ku sha maganin ciwo kafin ku shiga.

Inda suka fi burge ni shi ne maganar nasarar dashen ciki (IVF) da za a yi mana, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji, sannan a dasa a mahaifa. Na tambayi likitan, kashi nawa ne ke dacewa? Bai ba ni lamba ɗaya mai daɗi ba. Ya ce akwai bambanci tsakanin gwajin ciki ya nuna, da a haifi jariri a ɗauke shi a hannu, kuma shekarun mace ke jan ragamar abin, daga 35 zuwa sama dama tana raguwa. Ya fito da takardar sakamakonsu a rarrabe bisa shekaru. 'Yan uwa, duk asibitin da ya ce muku tabbas sai kun samu, ku ɗauki jakarku. Haihuwa ta Allah ce, likita sababi ne.

Mun kuma yi maganar addini ba ɓoye-ɓoye. Malamanmu sun halatta dashen ciki matuƙar ƙwan matar ne, maniyyin mijinta ne, kuma aure na nan. Alhaji ya ce ba ma son na wani ko na wata, aka rubuta a fayil. Ranar cire ƙwai na ga an manna sunana da nasa a jikin kowane mazubi, nas ta karanto da ƙarfi, na amsa, sannan aka sa ni barci. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da kujerun alfarmar da ke falonsu. Saboda matsalar maigida, ICSI aka yi mana, wato a ɗauki ƙwayar maniyyi ɗaya a saka ta cikin ƙwai kai tsaye. Na tambayi mai kula da ɗakin gwajin yadda suke yi in an ɗauke wuta, ta nuna mini inbata da janareta, ta ce ƙwan da aka haɗa aka daskarar kuwa a tankin naitirojin suke, ba ruwansu da NEPA.

Sai dai akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Kuɗin da suka faɗa da farko, miliyoyi ne dama, bai haɗa da alluran haɓaka ƙwai ba, su kuma alluran kullum ake yi a fatar ciki har kwana goma ko fiye. Ba a gaya mana ba sai da muka fara. Kuɗin daskarar da ragowar ƙwan da aka haɗa ma daban. Ku nemi a rubuta muku lissafi gaba ɗaya kafin ku biya ko sisi. Layin sikanin da safe ma akwai jira, ga wadda ta zo daga Kano ta kama masauki abin da gajiya. Likita mace kuma ba kullum take nan ba, sai kin nema tun da wuri.

Dashen farko bai zauna ba. Bayan sati biyu gwajin jini ya nuna babu. Likitan da kansa ya kira, bai bar wa sakatariya ba, ya ce in huta tukuna, kada a yi gaggawa. Muna da biyu a daskare, kuma can za mu koma bayan sallah in sha Allahu. Ku sa mu a addu'a.