Sabon kuloci a Hilux: kafin ka zagi kayan, duba ɗaurin

Saitin kuloci na Aisin mai guda uku, wato faranti da matsi (murfin da ke danne faranti) da boris (beyarin da ke danna matsi in an taka feda), shi ne nake sa wa Hilux mai giyar hannu, kuma ban ga dalilin canza shi ba. Feda tana da taushi, tana kamawa a tsakiya, mota da kaya tana hawa titin dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa ba ƙauri ba zamewa. Aisin na cikin kamfanonin rukunin Toyota, don haka ma'auninsa yana zama daidai idan an ba ka wanda ya dace da motarka. Ya fi na kwali marar suna tsada. Amma yawancin kukan da ake yi da sabon kuloci a Sana'iyyar (unguwar bakanikai) Jidda da Makka ba na kayan ba ne: ko an ba mutum na wata mota, ko an ɗaura shi ba daidai ba.

A nan ne mutane ke faɗawa. Farantan Hilux da Hiace suna zuwa da faɗi daban-daban, akwai milimita 236, akwai 260, akwai 275, amma yawancinsu haƙora 21 ne a cibiya. Saboda haka farantin da ba naka ba zai shige sandar giya sumul, bakanike ya ce ya zauna. Bai zauna ba. Ƙaramin faranti a ƙarƙashin babban matsi yana riƙewa a shimfiɗaɗɗen titi, sai an ɗora kaya an fuskanci tudu allurar injin ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba. Matsin da tsayin yatsunsa bai dace ba kuwa, ko dai feda ta kai ƙasa bai saki ba, ko boris ya riƙa danna shi kullum har ya ƙone. Kada ka ce wa mai shago "sahan da disk da fahma na Hilux" (sunayen guda ukun a Larabcin can) ka tsaya nan. Ba shi lambar shasi daga istimara, wato katin rajistar mota, kuma ka je da tsohon farantin a ɗora shi kan sabon, a ƙirga haƙora, a gwada tsayin cibiya.

Idan an riga an ɗaura, kada a yi saurin sauke giyabos. Kashe inji, taka kuloci, zagaya giyoyi. In suna shiga lafiya amma da ka tayar da inji sun ƙi, ribas kuma yana gurza, to giya lafiyarta ƙalau, kuloci ne ba ya saki. Daga nan a fara da mai araha. A sa wani ya taka feda kai kana ƙarƙashin mota kana kallon sandar ƙaramar silinda, wadda ke jikin giyabos, tana tura cokali, ƙarfen da ke tura boris. In tafiyarta gajera ce, ko feda tana ƙara tauri idan an yi mata famfo sau uku, iska ce a layi. A fitar da ita da man birki DOT 3. Wasan feda a sama ya kamata ya tsaya tsakanin milimita 5 da 15. In babu wasan ko kaɗan, an matse sandar babbar silinda, ta wajen feda, da yawa, mai ba ya komawa tulu, kuma a zafin Makka sabon kuloci zai fara zamewa da zarar mota ta ɗumama.

In sanda tana tafiya cikakkiya amma har yanzu bai saki ba, matsalar tana ciki, kuma na farko da nake zargi shi ne farantin da aka juya. Gefen da cibiya da sifirin suka kumburo shi ke kallon giyabos. Masu kyau ma an buga T/M, wato gefen giyabos, a wannan gefen. Idan aka juya shi, sifirin suna gogar kawunan kusoshin fulawil, faifan ƙarfen bayan inji. Za ka ji ƙarar ƙarfe daga tayarwar farko, idan aka buɗe kuma za ka ga kawunan kusoshin sun yi fari fat da garin ƙarfe a gindin murfi. Wannan farantin ya tashi daga aiki, ba a mayar da shi.

Akwai kuma kuskuren da ba ya barin shaida a fili. Bakanike mai gaggawa, ba tare da sandar daidaita faranti ba, yakan bar nauyin giyabos ya rataya a cibiya, ko ya ja shi da kusoshi don ya haɗe. Cibiya ta lanƙwashe. Sai a sa agogon awo: karkatar faranti kada ta wuce milimita 0.8, ta fulawil 0.1. Kusoshin matsi ana ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, har niyuton-mita 19, ba da bindigar iska ba. Wanda ya ɗaure gefe ɗaya tamau tukuna, yatsun matsi za su fito wani ya fi wani tsayi, feda ta riƙa bugun ƙafa.

Karkarwa wajen tashi da giya ɗaya kuwa, ko fulawil ne da ba a wanke fuskarsa a injin goge ƙarfe ba, mai tabo shuɗi-shuɗi, ko maiƙo. Giris ɗin haƙoran sanda shafawa ce kawai da ɗan yatsa. In aka cika, juyi yana watsa shi kan faranti. Haka sil ɗin bayan inji idan yana tsiyaya. Shi da ƙaramin boris na tsakiyar fulawil ba sa cikin kwalin guda uku, daban ake saye, kuma rowa ce marar riba a bar tsofaffi alhali giyabos yana ƙasa.

Gwajin zamewa kafin ka biya kuɗin aiki: ja birkin hannu, sa giya uku, ƙara wuta kaɗan, saki kuloci a hankali. Inji ya mutu nan take. In ya ci gaba da juyi, kada ka fita da motar daga warsha, wato gareji. Sau ɗaya ya isa, maimaitawa cin faranti ne. Sannan kilomita 500 na farko a yi su cikin gari ba lodi mai nauyi, a bar hawan Hada sai bayan nan.