Sharhi a Kan Gwajin Gano Baiwa da Ake Yi ta Intanet

Daga cikin kayan aikin da ikilisiyoyi da dama suke miƙa wa membobinsu a yau akwai gwajin gano baye-bayen Ruhu, wato jerin maganganu da mai bi yake amsawa a kan takarda ko a intanet, daga ƙarshe a nuna masa baiwa uku ko huɗu da ake ganin sun fi ƙarfi a rayuwarsa. Wannan hanya ta bazu ne daga Amurka tun ƙarshen shekarun 1970, musamman ta hannun C. Peter Wagner, wanda a lokacin malami ne a makarantar tauhidi ta Fuller da ke Kalifoniya. Na yi ɗaya daga cikin irin waɗannan gwaje-gwaje har sau biyu, da tazarar wata uku a tsakani, domin in ga ko ya cancanci amincewar da ake ba shi.

Tsarinsa ba shi da wuya. Ana kawo magana kamar ta cewa mutum yana jin daɗin bayyana wa wasu ma'anar nassi, sai ya zaɓi amsa tun daga "ko kaɗan" har zuwa "ƙwarai da gaske". Kowace baiwa tana da maganganu da yawa da aka warwatsa a cikin jerin, kwamfuta kuma ta tattara makin ta jera sakamakon. Tambayoyin sun haura ɗari, amma rabin awa ta ishe ni. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne sai da na gama amsawa duka aka nemi adireshin imel ɗina kafin a nuna mini sakamako, alhali ba a faɗi haka tun farko ba.

Babban amfanin gwajin shi ne yadda yake faɗaɗa tunanin mai bi game da hidima. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wanda ba ya wa'azi kuma ba ya waƙa ba shi da rabo a aikin Ubangiji, sai ga jerin ya sa jinƙai, bayarwa da ƙarfafawa a sahu ɗaya da annabci da koyarwa, kamar yadda Bulus ya jera guda bakwai a Romawa 12:6-8. Ya kuma haɗa da taimako da iya gudanarwa daga 1 Korintiyawa 12:28. Matar da take ziyartar marasa lafiya shekara da shekaru ba tare da kowa ya kira aikinta baiwa ba za ta ga kanta a nan, kusa da Tabita ta Yafa wadda gwauraye suka nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. A wannan fanni na yaba wa masu shirya shi.

Sai dai abin da gwajin yake aunawa shi ne ra'ayin mutum game da kansa, kuma wannan ra'ayi yana sauyawa da yanayi. A karo na farko koyarwa ce ta zo mini a sama. A karo na biyu, bayan na shafe makonni ina jinyar wani ɗan'uwa, jinƙai ya hau sama, koyarwa ta koma ta huɗu, ko da yake ban daina koyar da ajin da nake koyarwa ba. Mai cika baki zai fita da maki mai yawa a kusan kowane layi, mai kunya kuma ya fita kamar wanda ba a ba shi komai ba. Da Musa ya amsa waɗannan tambayoyi a ranar da ya ce shi mai nauyin baki ne a Fitowa 4:10, ko Irmiya lokacin da ya ce shi yaro ne bai iya magana ba, da sakamakon ya tabbatar musu da uzurinsu. A Sabon Alkawari kuwa jama'a ce take shaida: ikilisiyar Urushalima ce ta zaɓi mutum bakwai a Ayyukan Manzanni 6, 'yan'uwa na Listira da Ikoniya ne kuma suka yabi Timoti kafin Bulus ya tafi da shi.

Akwai kuma matsalar ma'ana. Jerin Romawa, da guda tara na 1 Korintiyawa 12:8-10, da na Afisawa 4:11 ba su zo daidai da juna ba, abin da yake nuna cewa Bulus misalai yake bayarwa. Gwajin ya haɗe su ya mai da su rufaffen lissafi, ya kuma fassara annabci da faɗar gaskiya ba tsoro, ba tare da ya sanar da mai amsawa cewa ɗarikun Kirista sun bambanta a kan annabci, harsuna da warkarwa ba. Gwanintar hannu ma babu ita sam, alhali Fitowa 31 ta ce Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya, azurfa, tagulla da sassaƙar itace. Maƙeri ko mai lissafin kuɗi zai gama gwajin bai ga inda sana'arsa ta shiga ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shafin ƙarshe, domin bayan sunayen baye-bayen da ɗan bayani babu wata jagora game da inda za a fara aiki. A misalin talanti na Matiyu 25, wato kuɗin da maigida ya danƙa wa bayinsa, bawan da aka tsauta wa ya san sarai abin da aka danƙa masa, laifinsa shi ne binnewa. Na kuma ji masu cewa karɓar baƙi ba baiwarsu ba ce tun da makinsu ya yi ƙasa, ko da yake 1 Bitrus 4:9 ta umarci dukan masu bi da shi.

Saboda haka ina ba da shawarar gwajin ga ƙaramar ƙungiyar nazari da fasto ko dattijo yake jagoranta, inda mutum biyu ko uku da suka san mai amsawa za su cika tambayoyin game da shi a kwatanta da nasa, sa'an nan a ba shi wani aiki ya gwada na 'yan watanni. Sabon tuba da zai yi shi kaɗai a wayarsa ya ɗauki sakamakon a matsayin kira, gara ya dakata har sai ya sami wanda zai zauna da shi su duba tare.